Harsunan Mongol ba su tsaya a ƙasar Mongoliya ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in ja hankalin masu karatu kan wani dangin harsuna da ba kasafai ake jin labarinsa a wajenmu ba. Galibinmu idan aka ambaci Mongol, abin da ke faɗo mana a rai shi ne Hulagu da rushe Bagadaza a shekarar 1258, sai mu tsaya a nan. Amma harshen da dakarun Jangiz Khan, kakan Hulagu, suke yi tun bayan naɗa shi a 1206 bai mutu ba, ya haifi harsuna goma ko fiye waɗanda ake magana da su har gobe.

Babba a cikinsu shi ne harshen Mongol kansa, mai mutane fiye da miliyan 5 a Mongoliya da kuma yankin Mongoliya ta Ciki da ke ƙasar Sin. A Mongoliya an koma rubuta shi da baƙaƙen Rasha tun shekarun 1940, yayin da na ƙasar Sin suka riƙe tsohon rubutunsu da ake jerawa daga sama zuwa ƙasa. Sai Buryat a gefen tafkin Baikal na Rasha, da Dagur a arewa maso gabashin Sin, da Kalmyk, wanda masu shi suka yi ƙaura zuwa bakin kogin Volga a ƙarni na 17. Gwamnatin Stalin ta Tarayyar Sobiyet ta kwashe mutanen Kalmyk ɗungurungum zuwa Sibiriya a Disambar 1943, ba a bar su sun koma gida ba sai 1957, kuma harshensu bai farfaɗo daga wannan zalunci ba.

Abin da ya fi sa ni ɗaukar alƙalami shi ne waɗanda ke zaune a lardunan Gansu da Qinghai na ƙasar Sin. Mutanen Dongxiang, waɗanda ke kiran kansu Santa, Musulmi ne, yawansu ya haura dubu 600, kuma harshen da suke yi a gida da kasuwa ɗan wannan dangi ne. Haka ma Bonan na Gansu, waɗanda suka shahara da ƙira wuƙaƙe, Musulmi ne. A kusa da Herat ta Afghanistan akwai harshen Moghol, wanda aka taɓa rubutawa da haruffan Larabci irin na Farisa, sai dai Farisanci ya rinjaye shi har ya kai bakin ƙarewa. Ke nan dangin harshen da aka ba da umarnin rusa birnin Halifa da shi, yau akwai masu kalmar shahada da ke tarbiyyar 'ya'yansu da shi, kuma a ganina bai kamata ɗalibin tarihin Musulunci ya jahilci wannan ba.

Har babban, wato harshen Mongol kansa, ma bai tsira ba. A 2020 hukumomin Sin sun fara mayar da koyar da wasu darussa daga harshen Mongol zuwa Sinanci a makarantun Mongoliya ta Ciki, iyaye suka fito zanga-zanga, wasu suka hana 'ya'yansu zuwa aji. Ina roƙon jaridarku ta riƙa kawo irin waɗannan labarai a shafinta na ƙasashen waje, ta kuma nemi malaman nazarin harsuna na jami'o'inmu su yi mana bayani a kansu da Hausa.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya