Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Tallafa wa Ɗalibai Mata 'Yan Wasa, Legas

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa mambobi.

Bana kaso mafi tsoka na kuɗin da kuka tara bai tafi kan rigunan wasa da ƙwallaye ba kamar yadda aka saba. Kwamiti ya biya wa wasu tsofaffin 'yan wasanmu mata kuɗin kwas ɗin koci ne a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere. An yi ja-in-ja a kan haka, amma duk wanda ya bi mu zagayen gidaje a Agege da Idi-Araba da Mile 12 ya ji da kunnensa. Uba ba ya tambayar kofi nawa ake ci. Tambayarsa ɗaya ce: "Wa zai horar da ita, wa kuma zai raka ta in za a yi tafiya?" Da zarar an ce mace ce, sai ka ga fuska ta saki.

Batun sutura ma ya yi sauƙi, tunda FIFA ta amince da rufe kai a 2014, FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ita ma ta biyo baya a 2017. Iyaye da yawa a bakinmu suka fara jin wannan. Masu cewa mace ba ta iya riƙe ƙungiya kuwa, Rena Wakama muke nuna musu. Ita ta jagoranci D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Najeriya, suka ɗauki kofin Afirka a Kigali a 2023, sannan a Faris a 2024 suka zama ƙungiyar kwando ta farko daga Afirka, maza ko mata, da ta kai zagayen kwata-fainal a Olamfik.

A ɓangaren shugabanci, tafiyar hawainiya muke yi. Tun gasar wasannin jami'o'in Najeriya (NUGA) da Jami'ar Legas ta karɓi baƙunci a 2022 muke zuga yaranmu na jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha su nemi kyaftin ko daraktan wasanni a ƙungiyar ɗalibai. Kaɗan ne suka fito takara, sauran kunya ta hana. Wannan kam, iyaye mata, sai da sa bakinku.

Atisayen Asabar ya sha tangarɗa saboda cunkoson hanya, ga kuma wata makaranta da ta yi mana alkawarin fili ta janye ana tsakiyar zango.

Baɗi, in Allah ya kai mu, horar da alƙalan wasa mata ne a gabanmu. Ma'aji za ta karanta lissafin kuɗi a babban taro. Masu bashin kuɗin wata a daure a biya kafin ranar.

Sakatariya