Rahoton Kwamitin Sake Gina Teburin Ƙananan Jiragen Ƙasa na Ƙungiyarmu

Bayan gaisuwa mai yawa ga shugaba, da dattawanmu, da dukkan 'yan uwa. Aikin da babban taro ya ɗora mana ya kammala. Jirgi ya zaga sabon layi daga tasha ya dawo tasha, da taragu a bayansa, ba wanda ya sa hannu ya tura shi. Ga bayanin abin da muka tarar, da abin da muka yi, da inda muka sha wuya.

Taro ya aike mu ne mu yi gyara, ba mu rushe ba, don haka wajibi ne mu fara da dalilin da ya sa muka koma muka nemi izinin rushewa. Ranar farko mun shiga ƙarƙashin tsohon teburin da tocila, muna zaton wayoyi biyu ko uku za mu canza. Abin da muka gani ya wuce haka. Katakon saman ya sha danshi shekara da shekaru, ya lotsa a tsakiya ya ɗago a gefe. Da muka aza doguwar rula a kansa, akwai wurin da ɗan yatsa ke shiga tsakaninta da katakon. A jirgin gaske wannan ba komai ba ne, amma mu da sikelin HO muke aiki, inda aka rage komai sau 87. Tazarar dogo ta mita 1.435 da yawancin jiragen duniya ke bi ta koma milimita 16.5 a wurinmu, mutum mai matsakaicin tsawo kuma bai wuce santimita 2 ba. Ƙusumbin milimita 2 a kan teburi daidai yake da tudun santimita 17 a dogon gaske. Shi ya sa taragu ke kuɓucewa daga juna a wuri ɗaya kullum, mu kuma muka daɗe muna ɗora laifin a kan ƙugiyoyinsu. Ba ƙugiya ba ce, katako ne.

Sai kuma dogon kansa. Tsohon na tagulla ne, yana dusashewa da sauri, dusashewar kuma tana hana wuta wucewa zuwa tayoyi. Duk wanda ya taɓa zuwa da wuri ya san rabin sa'ar farko a goge layi take tafiya. Sabon dogon na haɗin ƙarfen nikel ne, wanda ko ya ɗan dusashe wuta na bi. Mun sa mai lamba 100 a wuraren da ke ɓoye, saboda ƙarfinsa, mai lamba 83 kuma inda ido ke gani, domin ya fi kama da na gaske. Lambar tsayin ƙarfen ce: 83 na nufin kashi 83 cikin dubu na inci ɗaya.

Mun fi daɗewa a kan zane fiye da yadda wasu suka so, kuma an faɗa mana haka a fili. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Shawarwari sun zo da yawa. Wani ɗan uwa da ya ga bidiyon Miniatur Wunderland, babban wurin nunin ƙananan jiragen ƙasa na birnin Hambog a Jamus, wanda aka buɗe a 2001, ya so mu sa filin jirgin sama kamar nasu. Mun fahimci sha'awarsa, kowa ya ga wurin nan sai ransa ya biya, amma ɗaki ɗaya gare mu. Muka tsaya a kan sharuɗɗa kaɗan da ba mu yarda a taɓa su ba. Kada faɗin teburi ya wuce inda hannu ke kaiwa, wato wajen santimita 70, domin a tsohon sai an hau kujera an kife a kan gidaje kafin a ɗauko taragon da ya faɗi a lungu. Kada kwana ta matse ƙasa da santimita 60 daga tsakiyarta, don dogayen taragun fasinja su daina maƙalewa. Hawa kuma kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari.

Wannan na ƙarshen shi ya jawo muhawara mafi zafi, kuma ya cancanci bayani. Kafin layi ya haye saman wani layi, ana bukatar a ɗaga shi wajen santimita 10, idan aka haɗa da kaurin gadar. A tsohon teburi an yi wannan hawan cikin mita biyu da rabi, wato kashi 4 cikin ɗari, shi ya sa kan jirgi ke tsayawa a tsakiyar tudu tayoyinsa na juyawa a banza. Da kashi 2, santimita 2 kawai ake hawa a kowace mita, don haka sai an sami mita 5. Mita biyar ɗin nan ta cinye wurin da wasu suka so a yi tasha ta uku. Mun zaɓi tudun da jirgi zai iya hawa a kan tashar da jirgi ba zai iya kaiwa ba. Har yau akwai waɗanda ba su gamsu ba, mun kuma ji su, amma kwamiti na nan a kan ra'ayinsa.

Teburin yanzu sassa ne da ake ɗaurewa da noti, ba gini ɗaya ba. Mun aro dabarar daga masu irin wannan sha'awa a Turai, kamar ƙungiyar FREMO da aka kafa a 1981, waɗanda kowa ke gina sashensa a gida a zo a jona. Idan wata rana muka canza ɗaki, kwancewa za mu yi, ba zarto za mu sa ba. Kowane falle na katako an shafe shi da fenti ciki da waje har da bakinsa kafin a ɗaura, don kada danshi ya sake shiga. Katako yana kumbura lokacin danshi, ya tsuke idan iska ta bushe, dogon da aka manne a kansa kuma ba ya bin sa daidai. Saboda haka mun bar ƙaramar kafa, kaurin kati, a mahaɗun dogo nan da can. Wanda ya ga kafar kada ya ɗauka mantuwa ce ya cike ta.

Yanzu ga ɓangaren da ya ci rabin lokacinmu, wanda kuma baƙo ba zai taɓa gani ba. A da, wutar duka daga wuri ɗaya take shiga, ta bi dogo ta cikin 'yan maɗauran ƙarfe da ke haɗa sanda da sanda. Maɗauran nan suna saki, datti na shiga, wuta na raguwa, jirgi ya kai can nesa yana ja da ƙyar. Mun ja manyan wayoyi biyu masu kauri a ƙarƙashin teburi daga farko har ƙarshe, ja da baƙa, sannan kowace sandar dogo ta sami 'yan wayoyinta biyu da aka liƙa da dalma suka sauka zuwa manyan. Kowace sanda, ba tsallake. Aiki ne na kwanciya rigingine, dalma na narkewa a saman fuskarka, wuya na sagewa. 'Yan uwa biyu ne suka ɗauki yawancinsa, ɗaya a sama yana zura waya ta huda, ɗaya a ƙasa yana karɓa yana kiran launi don kada a juya.

Mun kuma koma tsarin DCC, wanda asalinsa daga kamfanin Lenz na Jamus ne, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, wato NMRA, kuma ta mai da shi ƙa'idar da kamfanoni ke bi. A tsohon tsari, ƙarfin wutar da ke kan layi shi ne saurin jirgi, duk jiragen da ke sashe ɗaya tare suke tashi tare suke tsayawa. A sabon, wuta na kan layi koyaushe, umarni kuma a cikinta yake tafiya. Kowane kan jirgi na da 'yar na'ura a cikinsa mai lambarta, ba ta amsawa sai an kira lambar. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, sabuwar na'ura daga masana'anta da lamba 3 take zuwa. Ranar gwajin farko mun aza kawuna uku a layi ba mu sake musu lamba ba. Da aka murɗa, ukun suka tashi tare, ɗaya ya doshi bakin sashen da ba a jona ba tukuna. Allah ya sa ƙaramin cikinmu na tsaye a wurin, ya tare shi da tafin hannu. Kan jirgin na dattijonmu ne, ya fi shekara talatin a hannunsa. Tun daga ranar muka keɓe ɗan gajeren layi daban na sa lamba, muka kuma buɗe littafi. Ba kan jirgin da zai hau babban layi sai lambarsa na ciki.

Da wayoyi suka kammala, mun yi gwajin kwabo. Ana aza kuɗin ƙarfe a kan dogo ya taɓa sanduna biyu, na'urar wuta kuma dole ta yanke nan take. Idan ta yi jinkiri, wayar wurin ba ta isa ba, kuma ranar da tarago ya kauce ya haɗe wuta, zafi zai taru har roba ta narke. Mun bi layin taku-taku. A lungun bayan dutse aka aza, ɗaki ya yi tsit, ba ta yanke ba, sai ɗan zuu da muke ji. Muka sake shiga ƙasa, muka tarar da waya ɗaya da dalma ba ta kama ba, a ido lafiya lau, da aka ja ta sai ta zare. Aka sake liƙawa, aka aza, ta yanke tun kafin mai azawar ya janye hannu.

Duwatsu da ƙasa ba su ba mu wahala ba. Soson gini mai tauri muka jera muka sassaƙa da wuƙa, aka shafa filasta, aka yi fenti. Tsakuwar gefen dogo ce ke son haƙuri: a zuba da cokali, a daidaita da buroshi mai laushi, a jiƙa da ruwan da aka ɗiga wa sabulu kaɗan don ya ratsa, sannan a ɗiga farin gam da aka tsinka da ruwa. A nan muka yi kuskure ɗaya. Gam ya gangara cikin makarkatar layi, wato inda jirgi ke sauya layi, ta bakin babbar tasha, da safe harshenta ya ƙi motsi. Mun jiƙa da ruwan ɗumi mun ceto ta, amma har yanzu tana da ɗan nauyi, a riƙa bi da ita a hankali.

An auna taragun ƙungiya duka. Shawarar NMRA kan nauyin tarago a HO ita ce oza ɗaya, a ƙara rabin oza a kan kowane inci na tsawon tarago. Tarago mai santimita 15 ke nan zai kai wajen giram 113. Da yawa daga namu ba su kai ba, shi ya sa suke tashi a kwana idan an jawo su tsakanin masu nauyi. An manna musu ƙarfe a ciki.

Ni da nake rubuta wannan ina so in ƙara abin da ba ya cikin zane. Watannin nan rayuwa ba ta tsaya don muna gini ba. Ɗaya daga cikinmu an yi masa aiki a baya, likita ya hana shi sunkuyo, amma bai fasa zuwa ba. Muka ajiye masa kujera kusa da taga, shi ya yi wa mutanen tasha fenti ɗaya bayan ɗaya da buroshi mai siririn baki. Ku duba matar da ke zaune a benci da jaka a cinya, aikinsa ne. Wani an canza masa lokacin aiki zuwa dare, sai ya riƙa biyowa da sassafe ya yi abin da ya samu, ya bar mana takarda a kan teburi cewa ya tsaya a sanda kaza. Wani ya sami ƙaruwa, ya ɓace makonni, ya dawo da hoton jaririyar da idanu jajaye na rashin barci. Dattijonmu kuwa hannunsa ya fara rawa, ba ya iya riƙe ƙarfen dalma, amma kunnensa na nan. Jirgi na wucewa zai ce, “Yaro, dawo da shi baya, akwai mahaɗar da ba ta zauna ba,” a duba a tarar haka ne. Hirar makarantar yara, da ciwon gwiwa, da neman aiki, duk a ƙarƙashin teburin nan aka yi ta, kuma saboda ita ne wasunmu ba su gaji sun bari ba lokacin da wayoyin suka ƙi ƙarewa.

Saboda ɗan uwanmu mai keken guragu, mun sauke tsayin teburi ƙasa da yadda aka fara zanawa, mun kuma faɗaɗa hanyar tsakiya yadda zai juya ba sai an matsa masa ba. Dogaye sun ce suna ɗan sunkuyawa. Yara kuma yanzu suna gani ba sai an ɗaga su ba.

Kuɗin da aka kashe bai wuce abin da taro ya amince ba, rasit duka na wurin ma'aji ga mai son dubawa. Tsohon dogon tagulla an tattara shi a kwali, duk mai so don gwaji a gida ya yi magana. Zanen wayoyi na manne a cikin ƙofar kabad, kowace waya kuma da alamarta, don Allah wanda ya canza wani abu ya gyara zanen a ranar.

Abu biyu suka rage, ba su kuma cikin aikin da aka ba mu: fitilun sigina, da itatuwan gangaren gabas, wanda har yanzu fenti ne kawai. Mun bar hudojin sigina da wayoyinsu a shirye. Muna roƙon taro ya sallami wannan kwamiti, ya naɗa wanda zai ɗauki waɗannan. A zama mai zuwa za a fara tafiyar da jirage bisa jadawali, kowa ya zo da kan jirginsa da wuri don a sa masa lamba a rubuta a littafi.