Masana'antar da ma'aikaci ke tsoron faɗin kuskure ba za ta fitar da kaya mai inganci ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da nake ganin masu masana'antunmu da dama suna yi masa gurguwar fahimta, wato kula da ingancin kaya. A wajen mutane da yawa, kula da inganci bai wuce a ajiye ma'aikaci ɗaya a ƙarshen layin haɗa kaya yana ware mai kyau daga marar kyau ba, ko kuwa a samo takardar shaida a rataye ta a ofishin manaja. A nawa ganin, inganci yana ɗorewa ne kawai a kamfanin da ke ɗaukar darasi daga kurakuransa, kuma kamfani ba ya ɗaukar darasi idan ma'aikatansa suna ɓoye kuskure saboda tsoron kora ko yankan albashi.

Abin da ya faru a garin Fremont na jihar Kalifoniya ta Amurka ya ishe mu hujja. A da, kamfanin General Motors yana da masana'antar haɗa motoci a can wadda ta yi ƙaurin suna wajen fitar da motoci masu lahani da yawan fashin aiki, har aka rufe ta a shekarar 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar kamfanin Toyota na Japan ƙarƙashin sunan NUMMI, kuma galibin waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne da aka yi ta kuka da su. Aka tura ɗaruruwansu Japan suka ga yadda ake aiki, kuma ba a daɗe ba motocin Fremont suka shiga sahun gaba wajen inganci a duk masana'antun General Motors.

Babban abin da ya canza shi ne yadda ake karɓar labarin kuskure. A tsohon tsari, doka ita ce layi ba ya tsayawa, don haka idan ma'aikaci ya ɗaura noti a karkace sai ya yi gum motar ta wuce, a je a yi ta fama da gyara a ƙarshe bayan an rufe lahanin da wasu sassan. A tsarin Toyota kuwa, akwai igiya a saman kowane ma'aikaci, da zarar ya ga matsala sai ya ja ta, fitila ta kunnu, shugaban ayari ya zo ya taimaka masa, idan abin bai gyaru nan take ba layi ya tsaya. Ba a zagin wanda ya ja igiya, domin shi ne ya nuna wa kamfani inda tsarinsa ke da ɓaraka. Wannan ya yi daidai da abin da masani W. Edwards Deming ya koyar tun lokacin da ya gabatar da laccoci ga shugabannin masana'antun Japan a 1950, cewa mafi yawan lahani daga tsarin aiki yake fitowa, kuma gyaran tsari nauyin shugabanni ne.

Sai dai labarin yana da ɓangare na biyu wanda ya fi jan hankalina. General Motors ya shafe shekaru bai iya yaɗa wannan darasi zuwa sauran masana'antunsa ba, duk da cewa manajojinsa sun yi ta kai ziyara Fremont suna gani da idonsu. Wannan ya nuna cewa ilimin da ya tsaya a sashe ɗaya, ko a kan mutum ɗaya, bai zama ilimin kamfani ba tukuna.

A nan ne maganar ta shafe mu. Mu ɗauki misalin injin casar shinkafa da dillali ya dawo masa da buhu ashirin saboda tsakuwa. Abin da aka saba shi ne maigida ya kira yaron da ke kan injin ya yi masa faɗa, a sake tace shinkafar, magana ta wuce. Da za a bi diddigi, mai yiwuwa a gano rariyar injin cire tsakuwa ce ta yage, ba a canza ta ba saboda babu wata a sito, babu wata a sito kuma saboda ba a sayen komai sai da sa hannun maigida, shi kuwa ya yi tafiya. Yaron ya ga rariyar tun kwana uku, amma ya san wanda ya kawo mummunan labari shi ake ɗora wa laifi. Haka kuma sau da yawa duk sirrin injin yana kan tsohon makaniki ɗaya, ranar da ya bar aiki sai a koma ana lalube. Kada a ɗauka wannan ƙaramar magana ce, domin a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, bayan an sha dawo da kaya a baya ba tare da an gyara yadda ake adana shi ba.

Ina kira ga masu masana'antu a Sharaɗa da Bompai da Challawa da sauran wurare su ajiye littafin da za a riƙa rubuta kowane lahani, da musabbabinsa, da gyaran da aka yi, su kuma zauna da ma'aikata a kansa ko da sau ɗaya a mako. Jami'an hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki da na NAFDAC mai kula da abinci da magunguna su ma, idan sun je duba masana'anta, ya dace su nemi ganin irin wannan littafi, su tambayi abin da aka canza tun zuwansu na baya.

Na gode.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano