Zuwa ga Yaya, kan finafinan da Auta ke kallo

Brescia, Italiya
Lahadi, 15 ga Disamba, 2024

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya jikin Inna, da ciwon gwiwar nan tata? Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaishe mini da Gwaggo da maiɗakinka da yara baki ɗaya. Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi, sai sanyi.

Na zaɓi rubutu maimakon saƙon murya don na san gidanmu, da an buɗe saƙona duk wanda ke tsakar gida sai ya ji. Inna ka karanta mata gaisuwar nan ta sama. Sauran kuwa naka ne kai kaɗai.

Maganar Auta ce ta hana ni barci tun ranar da muka yi waya. Ka ce kullum yana wurin masu tura finafinai a kasuwar Dole, ya cika waya da finafinan mutanen da suka ɓata a daji ko suka maƙale a teku, ya kwana yana kallo, da safe kuma ya tashi da zancen Agadas, wai tun da aka soke dokar nan ta Nijar mai hana jigilar baƙin haure a Nuwamba 2023 hanyar Libiya ta buɗe. Ka tambaye ni ko a ƙwace wayar. Kada a ƙwace, Yaya. Ni ma ina kallon irin waɗannan finafinai, kuma a kansu nake so mu yi magana.

A nan yanzu rana na faɗuwa tun kafin biyar na yamma, hazo ya lulluɓe gari, ka fito daga masana'anta ba ka ganin wanda ke gabanka. Mu huɗu ne a gidan: ni, da wani Bahaushe ɗan zangon Kumasi, da Basenegale, da wani yaro ɗan Gambiya. Daren Asabar ne kaɗai muke haɗuwa duka. Bayan lisha ɗan Kumasi ya tuƙa mana tuwon semo da miyar kukar da kuka aiko, Basenegale ya ɗora shayi, a kashe fitila a kunna talabijin. Yawanci fim ɗin ban tsoro ake sawa, na fatalwa, ko gidan da aljanu suka zauna, ko yarinyar da aka shiga jikinta.

Waɗannan ina jin daɗinsu ƙwarai, kuma na gano dalili. Suna mayar da ni ɗakin Kaka a Birni. Ka tuna in ta ce ga ta nan ga ta nanku, ta kawo ta Dodo, ta sassauta murya daidai lokacin da yarinya ta iso bakin rafi? Mu duka mu dunƙule cikin zane ɗaya, bayan ƙurunƙus kuma babu mai iya zuwa bayi shi kaɗai sai kai ka raka mu. To masu finafinan nan dabarar Kaka suke yi, da kayan zamani. Ba sa nuna maka abin da wuri. Su nuna ƙofa a ɗan buɗe, su ɗauke kiɗa ɗif har ka ji numfashinka, sannan su saki ƙara gaba ɗaya. Wata rana ɗan Gambiya ya rage sauti daidai wurin da ake jiran fatalwa, sai ga shi mace ce kawai da farin gari a fuska. Rabin tsoron a kunne yake. Zuciya ta buga, tafin hannu ya yi gumi, amma can cikin ranka ka san kafaɗar ɗan'uwanka na kusa, kuma makunnin fitila na jikin bango. An gama, in karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi in kwanta, ba abin da ke bi na. Abu ɗaya dai, kada a bar ƙananan yaranka su leƙa wayar, su ba su kai rarrabe wasa da gaske ba.

Ɗaya nau'in, wanda Auta ya fi so, shi ne ban iya zama a gabansa yadda nake zama gaban na fatalwa.

Sanyin bara Basenegale ya kawo wani fim da wani ɗan Italiya ya shirya a 2023, labarin samari biyu 'yan Dakar da suka biyo ta Agadas zuwa Libiya. Na zauna da kofin shayina. Ina nan har wurin da mota ke gudu cikin rairayi, mutum ya suɓuce ya faɗi, ana ihu ana dukan ƙarfe, direba bai ko waiwaya ba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsinci kaina a baranda cikin sanyi ba riga mai kauri, ƙafafuna na rawa. Ɗan Kumasi ya fito ya tsaya kusa da ni bai ce komai ba, don shi ma ta nan ya bi.

Shekara takwas ke nan ban ba ka labarin hanyar filla-filla ba. Yau zan ba ka kaɗan, don ka sami abin faɗa wa yaron nan.

A 2016 mu ashirin da biyar aka loda a bayan Hilux, kowa da sanda a tsakanin cinyoyinsa yana riƙe da ita don kada ya faɗi, da jarkar ruwa naɗe cikin buhu. Lokacin an fara aiki da dokar 2015 mai hana jigilar baƙin haure, don haka direbobi suna kauce wa rijiyoyi da shingayen soja. Gaba da garin Dirku, a hanyar Libiya, mota ta mutu, a wurin da ba sawun kowa. Kwana uku muka yi. A fim ana nuna ƙishirwa da fasasshen leɓe, minti biyu a wuce gaba. Ba a nuna yadda harshe ke kumbura har ka kasa kiran sunan Allah a fili, ko yadda yini ɗaya ke tsayawa cak ya ƙi tafiya, ko wari. Akwai wani bawan Allah ɗan wajen Matamaye, mahaddacin Alƙur'ani, ya fi mu duka ƙarfi da natsuwa. Shi ya tsara mana rabon ruwa da murfin jarka, shi ya ce a haƙa rami ƙarƙashin mota a kwanta a inuwa. Rana ta biyu ya ba wata mata mai goyo rabonsa. Ya cika a daren da ya rage kafin wata mota ta biyo ta kanmu. Da hannu muka tona masa rairayi.

Wannan shi ne abin da nake ƙi a yawancin finafinan nan. Suna koya wa yaro cewa mai dabara da jarumta shi ke fita, wanda ya mutu kuwa rago ne ko mai gaggawa. Tun minti na farko ka san wanda zai rayu, don shi kyamara ke bi. Auta na kallo yana sa kansa a wurin wannan mutum ɗaya. Wallahi, Yaya, ban fi ɗan Matamaye da komai ba. Kwanana ne bai ƙare ba. Kuma kai shaida ne kan mutum 92 da aka tsinci gawarsu arewa da Arlit a Oktoba 2013, yawancinsu mata da yara daga wajen Kance, motocinsu suka lalace a hanyar Aljeriya. Wace dabara ce ta rage wa uwa mai 'ya'ya uku a wannan fili?

Na garin Sabha a Libiya ka san rabinsa, tun da kai ka sayar da gonar gabas ka fanshe ni daga gidan bashi, muka ce wa Inna kuɗin takardu ne. Kukan da ka ji a waya ran nan ba na roƙo ba ne, dukana ake yi da tiyo lokacin da nake maka magana. Daga Sabrata, a bakin tekun Libiya, kuma kwale-kwalen roba, mu fiye da ɗari. Waɗanda ke zaune a tsakiya fetur ya gauraya da ruwan gishiri ya sale musu fata kamar an zuba tafasasshen ruwa. A wannan shekara ta 2016 mutum wajen 181,000 suka iso Italiya ta teku, sama da 5,000 kuma Bahar Rum ta cinye su. Shi fim ɗin 'yan Dakar, daga baya na daure na ƙarasa shi, kuma ban raina aikinsu ba, sun faɗi gaskiya da yawa. Amma ya tsaya ne daidai lokacin da yaron da aka tilasta wa tuƙa jirgi ya hango tsibirin Sisili na Italiya yana ihun murna. A zahiri irin wannan yaro, da ya taka ƙasa, sau da yawa shi ake fara kamawa da laifin fasa-ƙwaurin mutane, wasu su shekara da shekaru a kurkuku.

Fim ɗaya ne cikin irinsu na kalla har ƙarshe da natsuwa, shi ma da hawaye. Na 'yan wasan ƙasar Uruguwai ne da jirgin sama ya faɗi da su a tsaunukan Andes a 1972. Mutum 45 ne cikin jirgin, 16 suka rayu bayan kwana 72 cikin ƙanƙara. Abin da ya kama ni, duk wanda ya mutu sai an rubuta sunansa da shekarunsa a fuskar talabijin, ba a wuce shi kamar kaya ba. Hatta mai ba da labarin yana cikin waɗanda ba su dawo ba. Na yi ta tunanin namu da ke kwance tsakanin Dirku da Madama, ba dutse ba alama, iyayensu har yau suna zabura in baƙuwar lamba ta kira.

Ga roƙona. Ka samu dare ɗaya ka zauna da Auta ku kalli ɗaya daga cikin nasa tare, kada ka yi masa faɗa. In an gama ka tambaye shi mutum nawa suka fara tafiyar, nawa suka ƙarasa, kuma wa ya ba shi tabbacin a wane ɓangare zai faɗa. Sannan ka ba shi wannan takarda ya karanta da kansa, har wurin tiyo. Na yarda ya sani.

In fita yake so, ban hana shi so ba, ni ma na so. Akwai tsarin da gwamnatin Italiya ke ba da gurabun aiki duk shekara, Nijar na cikin ƙasashen da ake ɗauka, amma sai mai masana'anta ko mai gona ya nemi mutum da sunansa tun yana gida. Abin na da jinkiri, ba kuma kowa ke samu ba, kada ya ba kowa ko dala a kai. Na fara yi wa maigidana maganar. Abin da ya fara tambaya shi ne wace sana'a yaron ya iya. Don haka cikin kuɗin da na turo jiya, jikka sittin na Auta ne, a kai shi wurin mai walda na bakin tasha ya fara koyo daga watan gobe, ni zan riƙa biya. Sauran na maganin Inna ne da buhun hatsi.

Wani ɗan Maradi zai zo gida ƙarshen Janairu, zan ba shi lambarka. In da hali a haɗa mini kuka da daddawa da yaji, waɗanda kuka aiko sun kusa ƙarewa. Ka ce wa Auta ya kira ni ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku, ba na aiki, zan jira.

Naka ƙane,
daga Brescia