Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ƙaramar Ministar Ilimi, Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad

Assalamu alaikum, ranki ya daɗe. Da fatan kina lafiya, ya aiki ya jama'a, Allah ya taya riƙo.

Ke na zaɓa na rubuta wa ba babban minista Dakta Tunji Alausa ba, don ke 'yar gida ce, daga Jigawa kika fito kuma kin riƙe alli a BUK, ba sai an yi miki dogon bayani kan yadda ajin firamaren gwamnati yake a ƙasar Hausa ba. Maganata kan sabuwar manhajar da kuka fitar ce a 2025 tare da NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu. Gaskiya an yi ƙoƙari. An rage lodin darussa, 'yan aji 1 zuwa 3 ba za su wuce 9 ko 10 ba, an dawo da Tarihi tun daga firamare har ƙaramar sakandare, an sa sana'o'i irin haɗa sola da ɗinki da kiwo da gyaran waya. Duk mun yi murna, Allah ya saka. Sai dai an ce manhajar za ta koya wa yaro tunani da dogaro da kai, to a nan ne fa nake da ja.

Ranki ya daɗe, ki shigo ajinmu da safe ki ji. Malami ya cika allo da rubutu, yara sun fi ɗari wasu a ƙasa kan buhu, ya ce "naun iz e nem of eni fasin" su amsa gaba ɗaya har rufin kwano na amsa kuwwa, a maimaita a maimaita har a kaɗa ƙararrawa. Ki tsayar da ɗaya ki ce ya nuna miki naun guda a cikin ajin nan, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsu. Kuma wallahi yaron ba daƙiƙi ba ne. Shi ɗin nan da yamma yana tasha da farantin gyaɗa, a ba shi dubu ɗaya a ce ta ɗari uku da hamsin, kafin mai saye ya rufe baki ya miƙo canji daidai, ya san direban da ke biya da wanda ke cewa sai na dawo, ya san ranar kasuwar da zai ƙaro ƙulli. Wannan ai shi ne tunanin da kuke nema. Da shi yake zuwa makaranta, mu ne muke sa ya ajiye shi a bakin ƙofa tare da silifas ɗinsa, don harshen da yake tunani da shi ba shi ake magana da shi a ciki ba.

Shi ya sa abin da ya faru a Nuwamban 2025 ya ɗaure mana kai. Tsarin da aka amince da shi a 2022 zamanin Malam Adamu Adamu, na a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, aka soke shi aka ce Turanci zalla, wai shi ya jawo faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB. To don Allah yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 yaushe har ya kai rubuta WAEC? Kuma nawa ne littattafan lissafi da kimiyya na Hausa da aka buga aka raba, malamai nawa aka horar? Ke masaniya ce, kin san aikin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ile-Ife a 1970, aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Nan kusa ma an ga yadda shirin koyar da karatu da Hausa na Mu Karanta ya tafi a Bauchi da Sakkwato. Ba wanda ya ce kar a koyi Turanci, ni ma ina so 'ya'yana su iya shi ragargaza, amma yaron da ba zai iya cewa "Malam me ya sa?" ba saboda bai san yadda ake faɗa da Turanci ba, shiru kawai zai koya.

Sai jarrabawa. Mu malamai abin da za a tambaya muke koyarwa, kar a yaudare ki. Muddin tambayar ita ce kawo ma'anar kaza, lissafo kaza guda biyar, to hadda za mu ci gaba da bayarwa ko an canza manhaja sau goma, iyaye kuma su ci gaba da neman santar jarrabawar da ake ba da satar amsa. A sa tambayar da sai yaro ya yi bayani da bakinsa, a ba shi maki kan hanyar da ya bi ko da amsar ta kauce, za ki ga aji ya sauya da kansa.

Batun sana'o'in nan kuma ina jin tsoro. Manyanmu suna ba da labarin injinan darasin fasaha na Intoro Tek na zamanin tsarin ilimi na 6-3-3-4 da suka yi tsatsa a akwatunansu ba wuta ba mai koyarwa. Kar a wayi gari yara na haddace ma'anar sola a littafi alhali ba su taɓa riƙe waya da batir ba. Ga masu gyaran waya da teloli cike da kowace unguwa, a ba hedimasta izini da ɗan kuɗin da zai riƙa gayyato su aji.

Roƙona uku ne in an taƙaita, a bar mu da Hausa aƙalla zuwa aji 3, a taɓa tambayoyin jarrabawa, sannan horon malamai ya sauko har ƙauye, ba bitar kwana biyu a otal da ake raba alawus a watse ba. In kin zo gida hutu, ki ratse wata firamare ba sanarwa ba jiniya, ki zauna a bayan aji na minti talatin kawai.

Na gode, a huta lafiya.

Naki,
Wani malamin firamare