Ki Sakar Mata Bik Ɗin

'Yata,

Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan Madarunfa sai godiya, sanyin tafki ne kawai ya fara taɓa gwiwa.

Ran Juma'ar da na shigo Maradi cin kasuwa na kwana wurinku a Ali Ɗan Sofo, na ga wani abu, na yi shiru saboda idon yara. Bayan isha'i amaryata, jikar nan tawa, ta buɗe kayenta, littafin aikin lissafi, ta ɗan tauna bik, sai kika karɓe kika cika mata layi biyar, ta kwafe, kowa ya kwanta. Na san gajiya ce, kin wuni a tsaye. Amma da alli a hannu na tsufa, kuma ba a taɓa kawo mini aikin uwa ban gane shi ba. Dabuwar, wato aikin gida, ta zo tsaf ba kuskure ko ɗaya, a kira yaro gaban allo ya tsaya kamar an dasa shi. Mushe, wato malami, mai yara cike da aji, ta kuskuren kaye yake gano inda kowa ya maƙale. In kin share kuskuren, kin rufe masa ido.

Ki tuna mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta. Ba ta san ko "a" na Faransanci ba, amma ita ta raka ki tun daga CI, ajin farko, har kika ci BEPC, jarrabawar gama kwaleji. Takan shimfiɗa tabarma, ta kunna fitilar ƙwai, ta zauna tana ɓarar gujiya, ta ce, "To, faɗa mini da Hausa, me mushe ya ce yau?" In kin kasa mayarwa da Hausa, ta san ba ki gane ba, sai ta turo ki wurina. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, na fi ta saurin fushi, shi ya sa kika fi son tabarmarta.

Yarinyar nan a CE1 take, aji uku na firamare, lokacin da ragi da ninki ke zama a kai ko su ƙi zama. Zuba mata gujiya 20 a faifai, ta raba wa ƙannenta huɗu, ta ƙirga da bakinta. In ta yi kuskure kar ki ce "daƙiƙiya", ce mata ta sake ƙirgawa. Rabin awa ya isa, kuma gara bayan magariba, ta ci tuwo, ta huta daga Islamiyya, kafin barci ya kama ta. Ki riƙa cajin fitila da rana saboda ɗaukewar wuta, wayarki kuma ta zauna a ɗaki. Abin da ya gagare ku, ki bar gurbinsa fari, ki bi ta lakwal da safe ki gaya wa malaminta.

Na ba direba tiya biyu ta gujiya ya kawo muku. Ki gaya wa amaryata ta ƙirga ce, kar ta cinye kafin in zo.

Mahaifinki.