Zuwa ga Abba, kan maganar da ke yawo a gari

Assalamu alaikum Abba, ya karatu, ya sanyin can. Mu lafiya lau, an gama yankan gero saura wake. Wata magana ce ta biyo ni har gida daga kasuwar Ringim, kuma bakinka ne ya jawo ta.

Ranar da ka zo sallama ka zauna a dakali kana ta zuba wa su Kawunka, wai ana ɗaukar ƙwaƙwalwa da idon ɗan tayi a mayar da su madubin nan da ke cikin ƙwayar ido. To yanzu abin da ake faɗa shi ne ɗan Malam ya tafi koyon cire idon jarirai, kai ma ka san me ake nufi a garin nan in an ce cire ido. Innarka ko tuwon kirki ta daina ci.

Ni dai na gane ka, ban koyar da kimiyya a banza ba. Ƙwan kaza ne, tsakon da bai ƙyanƙyashe ba ake ɗebo ƙwayoyin halitta daga fatar da ke can bayan idonsa, a zuba a ɗan faranti da ruwan da zai ciyar da su, bayan wasu makonni sai wasunsu su dunƙule su yi garai-garai kamar ƙanƙara, cike da sinadarin kiristalin irin na madubin ido. Wasu masana, Eguchi da Okada, ne suka nuna haka a Japan a 1973, daga baya aka ga har wani ɗan ƙulli na tsakiyar ƙwaƙwalwar tsuntsu yana yi. Abin mamakin, shi madubin asali daga fatar waje yake fitowa, ita kuwa ta bayan ido reshen ƙwaƙwalwa ce, amma duk suna aiki da ƙwayar gadon nan, Pax6 ɗin da ka cika mana kunne da shi. Na karanta har labarin ɗan uwan kwaɗon nan mai jela da aka cire wa madubi sau 18 cikin shekara 16 yana sake tsirowa. Ikon Allah ne, ba tsafi a ciki.

Amma Abba, a takardun da ka bari a ɗaki na ga tun shekarun 1970 an gwada da na ɗan tayin mutum, kuma wannan ka ɓoye min. Shi ke hana ni barci, ba surutun kasuwa ba. In malaminka ya miƙo maka faranti ya ce na mutum ne, me za ka ce? Na san ka da jin nauyin manya, tun kana yaro ba ka iya cewa a'a. Wallahi ban sayar da gonar fadama don ka je ka sa hannu a ɗan wata baiwar Allah ba, in ka yi ban yafe ba, ko da sun ce doka ta yarda. Ka tsaya kan kaji da kwaɗinka.

Kada ka ce na yi zafi, da Alhaji yana raye da tafiyar ma ba za a yi ba, ni na tsaya maka.

Sannan ka kira Hajiya ka warware abin da ka ƙulla, tun da ta ji ka ta ce ba za a yi mata aikin yanar ido ba, wai jikanta zai tsiro mata da sabon madubi, alhali ko zare ba ta iya sa wa allura. Ka gaya mata wannan abu a faranti yake har yanzu. Kuma ka turo saƙon murya in kunna wa Kawunka a majalisa, ka ambaci ƙwan kaza da babbar murya.

Innarka na gaishe ka, ta ce ka dinga sa rigar sanyi. Allah ya yi maka albarka.

Babanka